Ƙaurar Tsuntsaye: Nazarin Tafiyar Shamuwa a Ƙasar Bici

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya san cewa ganin shamuwa albishir ne na ƙaratowar damina. Da zarar ta sauka a kan kuka ko tsamiya, sai manomi ya ƙara himma wajen sharar gona da kai taki. Sai dai abin lura shi ne, yadda jama'a ke shaida zuwanta ba haka suke shaida tafiyarta ba. Akan wayi gari ne kawai a lokacin kaka a tarar sheƙa ta zama kango, ba tare da wani ya iya faɗin ranar da ta tashi ko inda ta dosa ba. Wannan babi zai yi bayani a kan ƙaurar tsuntsaye, inda aka ɗauki shamuwa a ƙasar Bici ta Jihar Kano a matsayin misali. Manufar ita ce ɗalibi mai shirin zama malami ya fahimci dalilin wannan tafiya, ya kuma san yadda zai jagoranci yara su lura da ita, su rubuta abin da suka gani da kyakkyawar Hausa.

2.0 Ma'anar Ƙaurar Tsuntsaye

Ƙaurar tsuntsaye na nufin tashin da wasu nau'o'in tsuntsaye ke yi daga inda suke hayayyafa zuwa wani yanki, sannan su komo, a lokuta sanannu na kowace shekara. Wato tafiya ce mai lokaci, mai hanya, mai dawowa. Abin da ya fi kama da ita a rayuwar Bahaushe shi ne cin rani, inda manomi kan bar gida bayan girbi, ya je neman kuɗi, ya dawo kafin ruwan shuka. Haka nan ta yi kama da yadda makiyaya ke gangarawa kudu da shanunsu idan ciyawa ta ƙare.

Dangane da ƙasar Hausa, ana iya kasa tsuntsaye gida uku. Akwai mazauna, waɗanda ake gani rani da damina, kamar kurciya da hankaka. Akwai masu ƙaura a cikin Afirka, waɗanda shamuwa ce fitacciyarsu. Sannan akwai baƙin da ke ƙetaro hamadar Sahara daga Turai da yammacin Asiya, su yi hunturu a nan, su koma.

3.0 Shamuwa da Kamanninta

Shamuwa ita ce mafi ƙanƙanta a cikin danginta. Tsawonta ya kai kimanin santimita 73, nauyinta kuwa ya ɗara kilo 1 da kaɗan. Jikinta baƙi ne mai sheƙi, cikinta fari, gwiwoyinta da yatsunta ja. A lokacin hayayyafa fatar fuskarta takan yi shuɗi, da ɗan ja kusa da ido. Sunanta na kimiyya shi ne Ciconia abdimii, wanda masanin dabbobi Bajamushe Lichtenstein ya raɗa mata a shekarar 1823, don tunawa da wani gwamnan Turkawa mai suna Abdim da ya yi mulki a arewacin Sudan.

Tana hayayyafa ne a yankin da ya miƙa daga Senegal har zuwa Habasha da Yaman, kuma ƙasar Hausa na tsakiyar wannan yanki. Takan iso wajajen watan Afrilu ko Mayu, ta tara ƙirare ta gina sheƙa a kan dogayen itatuwa, sau da yawa a tsakiyar gari. Mace takan saka ƙwai 2 ko 3, a yi kwanci na kusan kwana 30, sannan 'ya'yan su yi kimanin wata 2 kafin su iya tashi. Idan aka haɗa lissafin, za a ga cewa renon yana kammaluwa ne daga Agusta zuwa Satumba, daidai lokacin da damina ke shirin ɗagawa.

4.0 Dacewar Ƙasar Bici da Shamuwa

Bici tana arewa maso yamma da birnin Kano, a kan hanyar Katsina, cikin yankin da masana labarin ƙasa irin su Michael Mortimore suka yi nazarinsa tun shekarun 1960 saboda cunkoson jama'a da noman da ake yi a kowace shekara ba tare da hutar da gona ba. A garuruwa irin su Badume da Danzabuwa da Saye da Muntsira, da wuya a ga daji. Gonaki ne ke haɗe da juna, a cikinsu an bar itatuwa masu amfani kamar kuka da tsamiya da ɗorawa da kanya da gawo.

Irin wannan shimfiɗa ta dace da shamuwa ta fuskoki uku. Na farko, akwai dogayen itatuwan da za ta yi sheƙa. Na biyu, akwai fili buɗaɗɗe inda take tafiya a ƙasa tana tsintar fara da tsutsa da kwaɗi da ƙadangaru. Na uku, akwai aminci tsakaninta da mutane, domin a al'adar Hausawa ba a kashe shamuwa, ba a kuma taɓa sheƙarta; hasali ma ana ɗaukar zamanta a itacen gida alamar alheri. Wannan al'ada tana da amfani a zahiri, tun da yake farar da take ci ita ce mai ɓarnar gero da dawa.

5.0 Dalilin Tafiyarta da Inda Take Zuwa

Ba sanyi ne ke korar shamuwa ba, ƙarewar abinci ce. Ruwan da ƙasar Kano ke samu yana zuwa ne tare da iska mai laima da ke busowa daga kudu maso yamma, daga tekun Atlantika. Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba wannan iska takan ja da baya, busasshiyar iskar hunturu ta maye gurbinta daga arewa maso gabas. Ciyawa sai ta bushe, kududdufai su ƙafe, ƙwari su yi ƙaranci. A daidai wannan lokaci ne damina ke farawa a ƙasashen da ke kudu da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka shamuwa ruwan sama take bi.

Daga watan Nuwamba zuwa Maris ana samun ta a gabashi da kudancin Afirka, a ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe da Botsuwana da Afirka ta Kudu, inda take cin fara da tsutsar da ke mamaye gonaki. Wani bincike da aka buga a shekarar 2006, wanda aka ɗaura wa wasu shamuwoyi na Jamhuriyar Nijar na'urar da tauraron ɗan Adam ke bin sawunta, ya tabbatar da wannan doguwar tafiya ta dubban kilomitoci. Ke nan shamuwar da yaro ya gani a kan tsamiyar gidansu tana iya kasancewa a gonar wani manomin Tanzaniya bayan 'yan makonni.

Yadda take yin tafiyar ma abin nazari ne. Shamuwa ba ta dogara ga kaɗa fukafukai ba, domin hakan zai gajiyar da ita. Takan jira hantsi ya ɗaga, ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗumi ta fara hawa sama. Sai ta buɗe fukafukanta ta shiga cikin wannan iska tana kewayawa har ta yi nisa, sannan ta sulala gaba zuwa inda za ta sami wata. Wannan ne ya sa take tafiya da rana, ta kwana a ƙasa ko a kan itace.

6.0 Alamomin Shirin Tashi

Mai lura zai iya gane cewa tafiya ta ƙarato ta waɗannan alamomi:

i. 'Ya'ya sukan bar sheƙa, su riƙa bin iyaye zuwa gonaki. Ana bambanta su da manya ta launinsu, wanda ya fi dushewa, ba shi da sheƙi.

ii. Maimakon a gan su bibbiyu, sai su fara haɗuwa garke-garke a fadamu da filayen kiwo.

iii. Da hantsi akan ga garken yana kewaya sararin samaniya, yana ƙara yin sama.

iv. Adadin masu dawowa kwana a itacen sheƙa yakan riƙa raguwa, har wata rana a rasa ko guda.

A daidai lokacin da shamuwa ke barin ƙasar, baƙi daga Turai ke shigowa. Daga Satumba akan ga tsattsewa tana shawagi a kan gonaki, yayin da agwagwan ruwa da wasu tsuntsayen bakin ruwa ke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru. An sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a shekarar 2000, dausayin Baturiya na Jihar Jigawa kuma a 2008. Don haka kaka lokaci ne na sallama da maraba a tare.

7.0 Yadda Duniya ta Gano Sirrin Ƙaura

An daɗe ba a san inda tsuntsaye ke ɓacewa ba. Masanin Girka Aristotle ya ɗauka cewa wasunsu ɓuya suke yi a cikin ramuka har sanyi ya wuce. A shekarar 1822 aka harbo wata farar shamuwa ta Turai kusa da garin Klütz na ƙasar Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka soke a wuyanta. Wannan ya zama hujjar cewa tana ƙetarowa har nahiyarmu. Har yanzu ana adana da ita a Jami'ar Rostock. Daga baya, a shekarar 1899, wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmak mai suna Hans Christian Mortensen ya fara sanya wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, domin duk wanda ya tsinci tsuntsun ya sanar da shi. Da wannan dabara ta malamin makaranta ake amfani har yau.

A Amurka kuwa akwai wasu ƙananan tsuntsaye masu shan ruwan fure, waɗanda nauyin ɗaya bai wuce giram 3 zuwa 4 ba. Mutane kan rataya musu ruwan sukari a bayan gida, su zauna suna kallonsu, suna rubuta ranar da suka ga na ƙarshe a lokacin kaka. Kafin su tashi sukan ci abinci sosai har nauyinsu ya kusa ninkawa, wasunsu kuma su ƙetare tekun Meziko, tafiyar kusan kilomita 800, ba tare da sauka ba. Daga irin bayanan da talakawa ke tarawa a bayan gidajensu masana ke gane ko lokacin ƙaura yana sauyawa. A Nijeriya ma, cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ta ƙaddamar da shirin taswirar tsuntsayen ƙasa a shekarar 2015, wanda ya dogara ga bayanan masu sa kai.

8.0 Barazanar da ke Fuskantar Shamuwa

Ko da yake ba a sanya shamuwa cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa ba, akwai abubuwan da ke iya raba ta da wani gari. Sare manyan itatuwa don itacen girki ko katako yana hana ta wurin sheƙa, kuma tsamiyar da aka sare a yini ɗaya sai an shekara da yawa kafin wata ta kai girmanta. Feshin maganin ƙwari barkatai yana rage abincinta, yana kuma iya cutar da ita. Bugu da ƙari, idan yaro ya tashi bai ji daga manya cewa ba a taɓa shamuwa ba, babu abin da zai hana shi auna ta da danƙo. Idan ta daina zuwa, manomi ya rasa mai taya shi yaƙi da fara, harshe kuma ya rasa wani yanki na kalmominsa da hikimominsa.

9.0 Aikin Malamin Hausa

Malami ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. Littafin rubutu da fensir sun isa. Ga matakan da zai bi:

i. Ya zaɓi itace ɗaya ko biyu masu sheƙar shamuwa kusa da makaranta, tun farkon zangon karatu na Satumba.

ii. Ya raba yara rukuni-rukuni, su riƙa ƙirga shamuwoyin a lokaci guda kullum, daga nesa, ba tare da hayaniya ko jifa ba.

iii. Su rubuta kwanan wata, da adadi, da yanayin gari, da abin da tsuntsayen ke yi. A koya musu bambanta abin da ido ya gani da abin da aka ji a bakin mutane.

iv. Su tambayi dattawa karin magana da tatsuniyoyi da camfe-camfen da suka shafi shamuwa, su rubuta su a wani shafi dabam.

v. A ajiye littafin a makaranta, ajin baɗi ya ɗora a kai, domin amfanin irin wannan rubutu yana fitowa ne idan an kwatanta shekara da shekara.

Ana iya gabatar da sakamakon a Ranar Tsuntsaye Masu Ƙaura ta Duniya, wadda ake yi a Asabar ta biyu ta watan Mayu da ta Oktoba. Waɗannan lokuta biyu sun zo daidai da zuwan shamuwa da tafiyarta. Ta wannan hanya yaro zai koyi insha'in siffantawa da rubuta rahoto, ya ƙaru da kalmomi, ya kuma tattara adabin baka daga tushensa.

10.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa shamuwa tana zuwa ƙasar Bici ne don hayayyafa a lokacin damina, tana kuma barinta a kaka domin bin ruwan sama zuwa gabashi da kudancin Afirka. An bayyana alamomin tashinta, da yadda lura da rubutu suka warware wa duniya sirrin ƙaura, da kuma abubuwan da ke barazana ga zamanta. Kakanninmu sun kiyaye lokacin zuwanta a cikin kawunansu. Abin da ya rage shi ne malaman yau su koya wa yara rubuta ranar tafiyarta, su kuma kula da itatuwan da za ta tarar idan ta komo.

Auna Fahimta

1. Kwatanta ƙaurar tsuntsaye da cin rani, tare da nuna inda suka yi kama da inda suka bambanta.

2. Me ya sa shamuwa ke tafiya da rana, ba da dare ba?

3. Tsara darasi na minti 40 ga 'yan aji 5 na firamare a kan alamomin tashin shamuwa.