Tudun Adamawa: Inda layin dogon Kamaru ya ƙare

Duk matafiyin da ya tashi daga Yawunde yana nufin arewacin Kamaru ko Chadi ta ƙasa, ba makawa sai ya haura tudun Adamawa, wani faffaɗan yanki na ciyawa da itatuwa jefi-jefi da ya ratsa tsakiyar ƙasar tun daga iyakar Nijeriya har ya kutsa cikin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Ƙasa ce mai yalwa amma mai ƙarancin jama'a, hanyoyin da suka ratsa ta kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Galibin tudun yana da tsayin kimanin mita 1,000 daga doron teku, ko da yake dutsen Cabal Mbabo da ke yammacinsa ya haura mita 2,400. Wannan ne ya sa baƙon da ya saba da zafin Garwa ko Marwa kan nemi bargo idan dare ya yi. A nan ne kogin Binuwai ya samo asali, haka ma rassan kogunan Sanaga da Logon, shi ya sa 'yan ƙasar kan kira yankin rumbun ruwan Kamaru.

Jirgin dare

Hanyar da ta fi shahara ita ce ta jirgin ƙasa. A shekarar 1974 ne layin dogo ya isa Ngaundere, babban birnin jihar, bayan ya ci tazarar fiye da kilomita 600 daga Yawunde. Jirgin fasinja na kamfanin Camrail kan tashi da almuru, ya kwana yana ratsa kurmi ta Nanga-Eboko da Belabo. Kafin gari ya waye dogayen itatuwa sun janye, an shiga fili, sai garken shanu da jar ƙasa iya ganinka. A tashoshin da jirgin kan tsaya, mata da yara kan yi dafifi a bakin tagogi da tallan ayaba da zuma, wadda yankin ya yi fice a kanta.

A kan takarda tafiyar dare ɗaya ce. Amma layin guda ne tak, kuma ya tsufa, saboda haka da zarar jirgin kaya ya sami matsala a gaba, sai kowa ya jira. Fasinjan da ya san hanya ba ya yi wa kowa alkawarin lokacin isa.

Daga Ngaundere dogo bai ƙara gaba ba. Duk kayan da aka ɗauko daga tashar jiragen ruwa ta Duwala, shinkafa ce ko siminti ko taki, a nan ake sauke su a loda wa manyan motoci zuwa Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena. Chadi ba ta da gaɓar teku, don haka cikas na kwanaki kaɗan a wannan tasha kan iya bayyana a farashin kaya a kasuwanninta. Motocin kuma sai sun gangara wani gangare mai lanƙwasa da ke arewa da birnin kafin su faɗa kwarin Binuwai, wurin da direbobi ke shakka saboda yawan haɗari.

Wanda ya zaɓi mota daga kudu yana iya bin titin kwalta na gabas ta Bertuwa, Garwa-Bulai da Maiganga. Ta yamma kuwa, wato ta Fumban, Banyo da Tibati, an daɗe ana kuka da hanyar: ƙura da rani, taɓo da damina, wadda a can kan kama daga Afrilu har Oktoba.

Tsohuwar hanyar fatake

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan tudu. Sunan Adamawa kansa ya samo asali daga Modibbo Adama, wanda ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19. A shekarun 1830 Fulani suka kafa mulki a Ngaundere, a ƙasar ƙabilar Mbum, kuma sunan garin a harshensu yana nufin dutsen cibiya, saboda wani dutse da ke kusa da garin mai ɗauke da dunƙulen pa a ƙoƙuwarsa. Lamidan Ngaundere, Tibati da Banyo duk suna ƙarƙashin Yola ne a wancan zamani.

Ta bayan mayaƙa sai fatake suka biyo. Hausawa daga Kano da sauran birane sun riƙa kawo tufafi da kayan fata, suna komawa da hauren giwa da goro, har da bayi, domin yankin na daga cikin wuraren da aka fi kai harin kamen bayi a kan ƙabilu irin su Gbaya da Laka. Unguwannin Hausawa da ke garuruwan a yau gadon wannan fatauci ne. Turawa ne suka raba ƙasar: Yola ta faɗa hannun Ingila, Jamusawa kuma suka ci Tibati a 1899 da Ngaundere a 1901, kafin Faransa ta karɓe a lokacin yaƙin duniya na ɗaya. Har yanzu da Fulatanci da Hausa mutum zai iya cin kasuwa a kusan kowane zango.

Nesa da titi

Abin da matafiyi ba ya gani daga taga shi ne halin da makiyaya ke ciki. Arzikin Adamawa shanu ne, musamman irin gudali, kuma daga nan ake tura nama da yawa zuwa Yawunde da Duwala. A tsakiyar ƙarni na 20 ƙudan tsando ya mamaye wuraren kiwo masu yawa, sammore ya yi ta kashe dabbobi, har gwamnati ta fara feshin magani ta sama a shekarun 1970.

Annobar da ta biyo baya ta ɗan Adam ce. Tun shekarun 1990 'yan fashin da ake kira zargina suka addabi hanyoyin arewa, abin da ya sa gwamnati ta kafa rundunar ɗaukin gaggawa ta BIR a 2001. Da aka matsa musu a kan titi, sai suka koma rugage, suna sace 'ya'yan makiyaya, galibi Mbororo, su nemi kuɗin fansa. Makiyayi ba ya ajiya a banki, saboda haka sai ya kaɗa shanunsa kasuwa. Mutum kan wayi gari da garke, bayan sata ɗaya ko biyu ya koma gefen gari ba ko saniyar tatsa.

Lamarin ya ƙara ta'azzara bayan ɓarkewar rikicin Afirka ta Tsakiya a 2013, lokacin da makamai suka bazu a kan iyaka, dubban 'yan gudun hijira kuma suka tsallako, aka tsugunar da wasu a sansanonin Borgop da Ngam da ke gundumar Mbere. Ƙungiyar Mbororo ta MBOSCUDA ta sha kokawa kan ƙauyukan da jama'a suka watse suka bari.

A kan manyan tituna dai shingayen jami'an tsaro suna da yawa, kuma ana tambayar katin shaida a kusan kowanne. Duk da haka, direbobin da ke bin ƙananan hanyoyin kan iyaka sun fi son su kama hanya bayan sallar asuba, su sauka kafin magariba.