Katoucha Niane: Gimbiyar Fulani da ta bar tallar kayan ƙawa ta koma yaƙi da kaciyar mata

A watan Disambar 2021, lokacin da Shatu Garko, 'yar asalin jihar Kano mai shekara 18, ta lashe gasar sarauniyar kyau ta Najeriya sanye da hijabi, muhawara ta kaure a Arewa kan sana'ar tallar kayan ƙawa da matsayin 'ya mace Musulma a cikinta. Shekaru da dama kafin haka, wata Bafulatana daga ƙasar Gini ta riga ta kai ƙololuwar wannan sana'a a birnin Paris, ta shiga harkar fim da rubutu, sannan ta yi amfani da sunan da ta yi wajen yaƙi da kaciyar mata. Sunanta Katoucha Niane.

Asali da ƙuruciya

An haife ta a birnin Konakiri a shekarar 1960. Mahaifinta shi ne masanin tarihi Djibril Tamsir Niane, wanda ya rubuta shahararren littafin nan kan Sundiata Keita, sarkin da ya kafa daular Mali. Gwamnatin Shugaba Ahmed Sekou Toure ta ɗaure shi a farkon shekarun 1960, daga bisani kuma ya yi gudun hijira zuwa Senegal.

Wannan tsangwama ta siyasa ta tarwatsa iyalin. An yi wa Katoucha kaciya tana da shekara tara, aka kuma tura ta ƙasar Mali wurin dangi, kafin ta sake haɗuwa da iyayenta a Dakar tana da kimanin shekara 12. Ta haihu tana da shekara 17, ba da jimawa ba ta tafi Faransa neman abin yi.

Yadda ta yi suna a Paris

A manyan gidajen ɗinki na Paris, aikin mai tallar kayan ƙawa iri biyu ne. Akwai wadda ake gwada tufafi a jikinta a ɗakin ɗinki, ana yanka ana gyarawa har su zauna daidai. Akwai kuma wadda ke sanya su ta yi tattaki a gaban masu saye da 'yan jarida ranar baje koli. Katoucha ta fara da na farko a gidan Lanvin, sannan ta hau dandali tana tallata ɗinkin Thierry Mugler da Paco Rabanne da Christian Lacroix.

Wanda ya fi ɗaukaka ta shi ne Yves Saint Laurent, ɗaya daga cikin manyan masu zayyana tufafi na ƙarni na 20, wanda ya riƙa sanya ta a gaba a bukukuwan baje kolinsa cikin shekarun 1980. A wancan zamani baƙaƙen mata 'yan ƙalilan ne ke samun irin wannan dama a Turai, mafi shahara cikinsu ita ce Iman 'yar Somaliya. Jaridun Faransa suka laƙaba wa Katoucha suna Gimbiyar Fulani.

Sana'ar ba ta da tsawon rai, domin da ƙuruciya ake cin moriyarta. A shekarar 1994 Katoucha ta sauka daga dandali, ta fara fitar da tufafin da ita da kanta ta zayyana. A 2005 ta zama alƙaliya a wata gasar zaɓen sababbin masu tallar kayan ƙawa a tashar talabijin ta M6 ta Faransa.

Littafi da fim

A 2007 ta wallafa tarihin rayuwarta da Faransanci mai suna Dans ma chair, inda ta bayyana wa duniya kaciyar da aka yi mata da kuma cin zarafin da ta fuskanta tana yarinya. Ta kafa ƙungiya mai suna KPLCE domin yaƙi da al'adar, ta riƙa zuwa Senegal tana wayar da kan mata. Abin da ya ƙara wa labarinta nauyi shi ne daga gidan ilimi ta fito, wanda ya nuna cewa al'adar ba ta tsaya ga ƙauye ko gidajen da ba a yi karatun boko ba.

A wannan tsakani ne ta fito a matsayin jaruma a fim ɗin Ramata, wanda Léandre-Alain Baker ɗan Kongo ya ba da umarni, aka kuma ciro labarinsa daga littafin marubucin Senegal Abasse Ndione. Ta fito a matsayin matar wani minista a Dakar, mai kimanin shekara 50, wadda haɗuwarta da wani matashi ta wargaza mata rayuwa. Allah bai nufa ta ga fitowar fim ɗin ba.

A farkon watan Fabrairun 2008 aka neme ta aka rasa daga jirgin ruwan da take zaune a cikinsa a kogin Seine. Ranar 28 ga watan aka tsinci gawarta a cikin kogin. Masu bincike sun ce bisa ga alama faɗawa ruwa ta yi bisa tsautsayi, amma danginta ba su gamsu ba, suka shigar da ƙara. An yi mata jana'iza a Konakiri. Ta rasu tana da shekara 47, ta bar 'ya'ya uku.

Abin da ya shafi Najeriya

Matsalar da ta sadaukar da ƙarshen rayuwarta a kai tana nan har yau. Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2024 cewa mata da 'yan mata fiye da miliyan 230 ne ke raye da tabon kaciya a duniya, kuma ƙasarta Gini na cikin waɗanda abin ya fi ƙamari. A Najeriya, asusun ya ce adadin ya kusa miliyan 20.

A ƙasar Hausa, mutane da yawa ba sa ɗaukar yankan gishiri da cire angurya a matsayin kaciya, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya su cikin nau'o'inta. Likitoci sun daɗe suna gargaɗin cewa irin wannan yanka na jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, yankan gishiri kuma na cikin abubuwan da ke haddasa yoyon fitsari.

A 2015 Najeriya ta kafa dokar haramta cin zarafin jama'a, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara huɗu, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun, ga duk wanda ya yi wa mace kaciya. Ranar 6 ga Fabrairu da duniya ke tunawa da yaƙi da kaciyar mata ma, marigayiya Stella Obasanjo ce ta ayyana ta a wani taro a Addis Ababa a 2003.

Sai dai doka ba ta shiga ɗakin da ake yi wa jaririya yanka a ɓoye. Waɗanda ke iya hanawa su ne iyaye da ungozoma da wanzamai da malaman unguwa, su ne kuma mutanen da Katoucha ta yi ƙoƙarin isar wa da saƙonta kafin rasuwarta.