Ɓangaren Maza a Wata Majami'ar Jimeta

Wanda ya shiga majami'a a Jimeta ranar Lahadi, mata zai fara gani. Su ne da zane iri ɗaya da ɗankwali iri ɗaya, su ne da tulu da ganga da kacau-kacau, kuma in Zumuntar Mata ta tashi waƙa, har mai Keke Napep da ke wucewa a bakin titi sai ya rage gudu. Maza suna can ɗaya ɓangaren. Ba su kai matan yawa ba, ba su kai su sauti ba, wasu ma sai an yi nisa da sujada suke shigowa suna share gumi, don zafin Yola a watan Maris da Afrilu ba ya jiran rana ta take. Amma a bencina biyu ko uku na gaba akwai wasu dattawa da ba a rasa su. Tsohon malamin firamare, ɗan sanda mai ritaya, tela, kafinta, wani da ya ƙare aikinsa yana masinja a sakatariya. Kowannensu riƙe da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda bangonsa ya sha ɗinki, a shafin farko an jera sunayen 'ya'ya da ranar haihuwar kowa da ranar da aka yi masa baftisma. Waɗannan mutanen nake so mai karatu ya sani, domin gidaje da yawa a Luggere da Nassarawo da Doubeli da Jambutu a kan wuyansu suke tsaye.

Majami'ar da nake magana a kanta ba babba ba ce. Ginin bulo ne da rufin kwano, da fankoki da ke juyawa in an kawo wuta, da itacen darbejiya a harabar inda yaran makarantar Lahadi ke zama. Ana sujadar Turanci da sassafe, sannan ta Hausa ta biyo baya, kuma ta Hausar ce ta dattawa. Dalili a bayyane yake. Yola gari ne na Modibbo Adama, wanda ya kafa shi a 1841, kuma har gobe fadar Lamiɗo ce cibiyarsa. Jimeta kuwa a bakin Binuwai ta girma da kasuwa da jiragen ruwa, sannan da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976 ma'aikata suka kwararo daga Numan da Guyuk da Hong da Michika da Ganye. Babachame ba ya jin Higgi, Bakilbe ba ya jin Chamba, don haka Hausa ta zama harshen addu'a da wa'azi, tun da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da ita a 1932.

Kowa kuma da ikilisiyarsa ya zo. Mutanen Numan da kewaye sun zo da LCCN, wadda tushenta ke komawa ga likitan nan ɗan ƙasar Denmak, Niels Brønnum, da ya sauka Numan a 1913. Bura da Margi da Higgi sun zo da EYN, Ekklesiyar 'Yan'uwa, wadda aka fara a gindin tsamiya a Garkida a 1923. 'Yan Katolika suna da babbar majami'arsu ta St. Theresa a tsakiyar Jimeta. In aka yi lissafi da waɗannan shekaru, za a ga cewa dattijon da ya kai saba'in a yau, sau da yawa mahaifinsa ne mutum na farko da ya yi baftisma a zuriyarsu, ko ma shi kansa. Kakansa yana da mata uku ko huɗu, yana da tsafin gida, yana da tukunyar burkutu da ake dafawa lokacin gayya. Shi kuwa ya tsaya gaban jama'a ya yi alkawarin mace ɗaya har mutuwa, ba tare da ya taɓa ganin yadda ake riƙe irin wannan gida a wurin na gaba da shi ba. Da kansu suka koya, da tuntuɓe da komai.

A nan ne gwaji mafi nauyi yake. Musulmi mai karatu ya san cewa addininsa ya ba shi damar ƙara aure bisa sharaɗin adalci, kuma da adalcin ake auna shi. Kirista ba shi da wannan ƙofa, da riƙon alkawari ake auna shi. Kafin ɗaurin aure ana sanarwa a majami'a Lahadi bayan Lahadi, ko akwai mai magana ya fito. Bayan biki sai rayuwa ta fara tambayarta. Shekara biyar ta wuce ba haihuwa, ko kuma Allah ya ba da 'ya'ya mata zalla. Sai saƙo ya fara zuwa daga ƙauye, ta bakin gwaggo ko baffa: “Gidan babanka zai mutu kana kallo? Wa zai gaji gonar?” Wasu suna ba da kai, su ajiye wata a ƙauye ko a wata unguwa, ikilisiya ta sa su cikin horo, a hana su Jibin Ubangiji, su koma bencin baya. Ba na jefa musu dutse, matsin dangi ba wasa ba ne. Amma akwai waɗanda suka tsaya. A bencin gaba na wannan majami'a akwai mai 'ya'ya mata shida da ya sa dukansu a makaranta, yau a cikinsu akwai nas da malama, kuma su ne ke sayen maganin hawan jininsa. Akwai wanda matarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki, shi ke ɗaga ta, shi ke yi mata wanka, shi ke dama mata kunu, yana ɗauko ta a Keke zuwa sujada duk Lahadin da jikin ya yarda. Tsoron horon ikilisiya ba ya sa mutum wannan aiki. In ka yaba masa, abin da zai ce bai wuce, “Ai a gaban Ubangiji na yi alkawari.”

Rayuwar yau da kullum ba ta da wani abin kallo, kuma a cikinta ne bangaskiyar take. Lokacin da ladanin masallacin unguwa ke kiran asuba, a gidaje da dama uba yana buga ƙofar ɗakin yara a fito addu'ar safe. A rera waƙa ɗaya, yaro ya karanta 'yan ayoyi yana hamma, Baba ya yi addu'a yana ambaton kowa da sunansa, har wanda ke karatu a Mubi da wadda ke aure a Jalingo. Daga nan kowa ya kama gabansa. Albashi ba ya kai wata, shi ya sa kusan kowane ma'aikaci manomi ne: wani yana da gonar masara wajen Girei ko Fufore, wani yana noman shinkafa na rani a tafkin Geriyo, wani damina na faɗuwa zai ɗauki hutu ya tafi ƙauye. Buhun da aka kawo kaka, kashi ɗaya na ci ne, kashi ɗaya na kuɗin makaranta, sannan a ware na godiyar kaka a kai majami'a. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wasu dattawan da ƙafa suke zuwa sujada don kuɗin Keke ya zama na baiko. Mai ritaya da ke jiran haƙƙinsa shekara da shekaru ya san me nake nufi.

Shekarar 2014 ce ta fito da ƙarfin waɗannan gidaje fili. Madagali ta faɗa hannun Boko Haram a watan Agusta, Michika ta biyo baya a farkon Satumba, ranar 29 ga Oktoba kuma aka ci Mubi da hedikwatar EYN a Kwarhi. Mutane suka kwararo Yola a ƙafa da bayan manyan motoci, wasu sun bi ta duwatsu da Kamaru. An buɗe sansanoni a Damare da Malkohi da Fufore, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar St. Theresa ga dubban mutane, Jami'ar Amurka ta Najeriya da shugabannin addinai suka yi ta rabon abinci. Amma mafi yawan 'yan gudun hijira ba su kwana a sansani ba, a gidajen mutane suka sauka. Gida mai ɗaki biyu da falo ya ɗauki mutum talatin ko fiye. Maigida ya bar wa mata da yara ɗakuna, shi da samari suka koma tsakar gida da tabarma. Masarar da aka ajiye ta shekara ta ƙare cikin makonni. Ba wanda ya rubuta sunayen waɗannan magidanta a wani littafi, ba a ba su lambar yabo ba, kuma maƙwabtansu Musulmi sun yi irin wannan da nasu baƙin, domin harsashi bai tambayi addini ba lokacin da mutane ke gudu. Ita kanta Jimeta ba ta tsira ba: an kashe masu ibada a wata majami'a a Janairun 2012, a 2015 kuma bama-bamai suka tashi a kasuwa da wani masallaci a Jambutu. Tun lokacin ake binciken jaka a ƙofar majami'a, kuma maza ne ke karɓa-karɓar tsayuwa a waje yayin da iyalansu ke sujada a ciki.

Har yau wasu gidajen suna riƙe da marayun wancan lokaci. Yaron da ya zo yana shekara biyar yanzu saurayi ne, yana kiran maigida Baba, kuma baƙo ba zai iya bambanta shi da 'ya'yan cikin gida ba.

In ana maganar uba da bangaskiya a Adamawa, sunan Rabaran Lawan Andimi ba ya jimawa bai fito ba. Faston EYN ne kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a ƙaramar hukumar Michika. An sace shi a farkon Janairun 2020. A bidiyon da masu riƙe da shi suka fitar, ya yi magana a natse, ya nuna fatan sake haɗuwa da matarsa da 'ya'yansa da abokan aikinsa, ya ce in hakan bai samu ba to nufin Allah ne, ya roƙi mutane su yi haƙuri su gode wa Allah. An kashe shi ranar 20 ga watan, ya bar mata da 'ya'ya tara. Abin da dattawan bencin gaba suka riƙe daga wannan bidiyo shi ne mutumin da mutuwa ke tsaye a bayansa bai raba iyalinsa da Ubangijinsa ba, a numfashi ɗaya ya ambace su. Ba su ɗauki hanyar ramuwa ba kuma. A 2021 Dayosis ɗin Katolika na Yola ya buɗe gidaje 86 a Sangere-Marghi ga waɗanda ba su iya komawa gida ba, tare da makaranta da majami'a da masallaci, domin a cikinsu akwai Musulmi. A jihar da za ka samu yaya Kirista da ƙane Musulmi a ɗaki ɗaya, inda tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti ke tsallaka katanga, uban kirki yana koya wa ɗansa ya gaida liman kamar yadda yake gaida fasto.

Ba zan ce duk wanda ya zauna a ɓangaren maza haka yake ba. Zumuntar Mata ta fi ta maza ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma matan sun san dalili. Akwai mai riƙe da muƙami a ikilisiya da albashinsa ke ƙarewa a gidan burkutu. Akwai wanda ya haddace cewa miji shi ne kan gida amma ya manta cewa a wuri guda aka umarce shi da ƙaunar matarsa da kuma kada ya tsokani 'ya'yansa su yi fushi, sai ya mai da bel da tsawa su ne tarbiyya. Irin wannan gida, yaro yana kaiwa shekara goma sha biyar zai fara neman uba a waje, a majalisar 'yan tramol ko a cikin waya. Har nagartattun ma suna da nasu rauni: da yawa sun iya biyan kuɗin makaranta amma ba su iya zama su yi hira da ɗansu ba, don ba a yi musu ba. 'Ya'yan sun tashi da Turanci da Facebook, wasu sun koma sababbin majami'u masu jita da majigi, Baba yana ganin an bar hanya, yaro yana ganin Baba ba ya saurare. A ganina, uban da ya iya ciyar da mutum talatin a ɗaki biyu ba zai kasa koyon wannan hira ba, in an nuna masa cewa ita ma aikin Ubangiji ce.

Ita ma ikilisiya tana da nata alhaki. Ranar tara kuɗin gini, ɗan siyasa da ɗan kwangila ake kira gaba, a ba su kujera mai laushi, a sanar da adadin da suka bayar ana tafi. Telan da ya shekara arba'in da mace ɗaya, ya aurar da 'ya'yansa da marayu biyu, bai taɓa rasa addu'ar safe ba, sai ranar jana'izarsa ake tuna halinsa. Samari suna kallo, kuma suna gane wanda ake girmamawa.

Ina roƙon fastoci da dattawan ikilisiyoyin Yola da Jimeta: in za a shirya saurayi don aure, kada a tsaya ga darasin ofishin fasto, a haɗa shi da ɗaya daga cikin waɗannan magidanta ya riƙa zuwa gidansa yana gani. A nemo matan da mazansu suka mutu a Michika da Madagali da Mubi, a tambayi wa ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu, Zumuntar Maza ta ɗauki nata rabo. Kai kuma da mahaifinka ke raye a Luggere ko Doubeli, kana Abuja ko Legas kana tura kuɗi ta waya, kuɗin na da amfani, amma ka zo da kanka Kirsimetin bana ka zauna kusa da shi a sujadar Hausa, ka tambaye shi yadda ya yi ya riƙe ku.