Gangunan Hannu na Afirka da Latin Amurka: Asalinsu, Koyonsu da Matsayinsu a Fiƙihu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

1.0 Gabatarwa

Azuzuwan koyon gangar hannu sun bazu a makarantu da cibiyoyin al'adu na Turai da Amurka, kuma Musulmin da ke zaune can yakan iske su a manhajar 'ya'yansa, sai ya nemi fatawa. Malaman usul sun ce hukunta abu reshe ne na fahimtar haƙiƙarsa. Wanda bai san bambancin jembe da bata ba yana iya haramta abin da malamai suka yi saɓani a kansa, ko ya halatta abin da ya taɓa tauhidi. Wannan maƙala za ta bayyana gangunan da yadda ake koyonsu, sannan ta auna su da maganganun malaman fiƙihu.

2.0 Gangunan da Asalinsu

Jembe gangar Mandinka ce ta ƙasashen Gini da Mali. Ana sassaƙa ta daga gungume guda, siffarta kamar turmi, a rufe baki ɗaya da fatar akuya. Ta shahara a duniya ta hanyar ƙungiyar raye-raye da Fodeba Keita ya kafa, wadda ta zama ta ƙasar Gini bayan samun 'yancin kai a 1958, da kuma makaɗa irin su Mamadi Keita, wanda ya rasu a 2021.

Konga doguwar ganga ce mai baki ɗaya da ta samu a Kyuba, inda bauta ba ta ƙare ba sai a 1886. Tushenta yana komawa ga gangunan bayin da aka kwaso daga yankin Kongo. Da ita ake kiɗan rumba, wanda ya tsiro a unguwannin talakawa da tashoshin jiragen ruwa na Habana da Matanzas.

Bata kuwa ta Yarabawa ce, kuma a ƙasarsu tana haɗe da bautar Sango. A Kyuba ganguna uku ne: iya, wato uwa, da itotele, da okonkolo. Kowacce tana da baki biyu da tsukakken ƙugu.

Akwai kuma dangin duffi. A Fotugal ana buga wani mai kusurwa huɗu da ake kira adufe, sunan da ya samo asali daga kalmar Larabci ad-duff, a Burazil kuma akwai mai zagaye da ƙararrawa da ake kira pandeiro.

3.0 Yadda Ake Koyo

Koyon waɗannan ganguna da baki da kwaikwayo ake yin sa, ɗalibi a gaban malami. A jembe ana farawa da bugu uku: na tsakiyar fata da tafin hannu, mai kauri, na gefe da yatsu a haɗe, da mari mai kaifi da yatsu a sake. Babatunde Olatunji, wanda ya koyar a Amurka, ya sa wa bugun gaɓoɓin furuci domin ɗalibi ya faɗi kiɗan da bakinsa kafin ya buga da hannunsa. A Kyuba ginshiƙin kiɗa shi ne kilabe, bugu biyar da ake rabawa uku da biyu, ko biyu da uku, kowace ganga tana jingina da shi.

Abin da ya fi shafar mai fatawa shi ne, bayan ɗalibi ya ƙware a bugu, sai a shiga koya masa kaɗe-kaɗe masu suna, kuma kowane yana da muhallin da aka yi shi dominsa. Kassa kiɗan manoma ne, Soli na bikin kaciya, amma Kakilambe yana haɗe da wani dodo da mutanen Baga suke girmamawa. A bata lamarin ya fi tsanani. Akwai jerin kaɗe-kaɗe da ake farawa da na Elegwa, kowane gaisuwa ne ga ɗaya daga ababen bauta da ake kira orisha, kamar yadda kowane iska yake da kiɗansa a bori. Gangunan da ake tsafi da su an keɓe su ga wani ruhi da ake kira Anya, wanda Yarabawa ke ce wa Ayan. Ana yi musu yanka, kuma ba mai buga su sai wanda ya sha rantsuwa. Waɗanda ba a keɓe ba ana kiransu aberikula, da su ake koyarwa a azuzuwa.

4.0 Maganganun Malamai

Duffi yana da nassoshi ingantattu. Buhari ya ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu cewa yara mata sun buga shi a bikinta a gaban Annabi (SAW), kuma abin da ya gyara musu kalma ce a waƙar da ta jingina masa sanin gaibu. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) labarin kuyangi biyu masu waƙa ranar Idi, da yadda Annabi ya umarci Abubakar (RA) ya ƙyale su. A hadisin farko akwai darasi babba: an bar kiɗan, an tsai da lafazin da ya taɓa aƙida.

Dalilan hani su ne hadisin Abu Malik al-Ash'ari game da ma'azif a Buhari, wanda Ibnu Hazm ya raunana, Ibnus Salah ya yi masa raddi, da hadisin Ibnu Abbas a Abu Dawuda da ya haramta al-kuba, wadda wani maruwaicinsa ya fassara da ganga. Bisa wannan ne malamai da dama suka hana gangar wasa, suka keɓance ta yaƙi da makamantanta. Imam Gazali a Ihya'u ya taƙaita hanin ga al-kuba, ya siffanta ta da doguwar ganga mai tsukakken ƙugu da faɗin baki biyu, ya kuma danganta illar ga kasancewarta alamar mazan da ke kamanceceniya da mata. A mazhabarmu, Shaihu Halil ya halatta girbal, wato duffi, a walimar aure ko da namiji ne zai buga, ya kuma kawo ra'ayi uku kan kabar da mizhar: halatta duka, hana duka, da halatta kabar kaɗai. A ƙasar Hausa ma, bandirin Ƙadiriyya da Shaihu Nasiru Kabara ya yaɗa a Kano ya kasance abin muhawara tsakanin malamai.

5.0 Auna Gangunan

Daga abin da ya gabata, mas'alar ta kasu huɗu.

Na ɗaya, adufe da pandeiro duffi ne a siffa, don haka hukuncinsa suke ɗauka, tare da saɓanin da ke kan mai ƙararrawa.

Na biyu, jembe da konga a kaɗe-kaɗen noma ko biki suna cikin da'irar saɓani kan ganga. Wanda ya bar su ya yi tsantseni. Wanda ya bi masu halattawa ba a fitar da shi daga sahun Musulmi, matuƙar babu giya, ko cakuɗar da shari'a ta hana, ko tozarta salla.

Na uku, gangar da aka keɓe wa ruhi, da buga ta a wurin bauta, da rantsuwar shiga ƙungiyarta, da yankan da ake yi mata. Wannan ya fita daga babin kiɗa ya shiga babin shirka, kuma babu saɓani a haramcinsa, ko a wurin Ibnu Hazm.

Na huɗu, shi ne mafi sarƙaƙiya: kaɗe-kaɗen bauta a kan aberikula, a cikin aji. Malamin kiɗa zai ce al'ada ce kawai. Sai dai waƙoƙin da ke rakiyarsu kira ne ga orisha da harshen Lukumi, kuma rera addu'a ga wanin Allah ba ya zama halal don mai rerawa bai san ma'anarta ba. Ko an cire waƙar, kiɗan kansa masu shi sun sanya shi alamar ibadarsu. Abin da ya fi rinjaye shi ne hani, saboda toshe kafar ɓarna da guje wa kamanceceniya a sha'anin addini. Ƙari a kan haka, siffar bata ta dace da al-kuba da Gazali ya hana duk da sassaucinsa.

6.0 Kammalawa

Ya kamata mai fatawa ya tambayi abu uku kafin ya amsa: wace ganga ce, mene ne sunan kiɗan da abin da aka yi shi dominsa, kuma me waƙar take cewa. Ɗalibi ma yana da haƙƙin ya yi wa malamin kiɗansa waɗannan tambayoyi, domin ƙwararrun makaɗa sun san amsarsu sarai. Da haka ake ba wa mas'alar saɓani faɗin da malamai suka ba ta, a kuma tsare iyakar tauhidi. Allah shi ne mafi sani.