Yadda Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Ke Juya Rubutun Sinanci Zuwa Pinyin

Rubutun Sinanci ba na baƙi da wasali ba ne. Alamomi ne dubbai, kuma kusan kowace ɗaya tana wakiltar gaɓa guda. A shekarar 1958 ƙasar Sin ta amince da tsarin pinyin, wanda ke rubuta lafazin waɗannan alamomi da haruffan boko, tare da nuna karin sauti huɗu a kan wasula.

To, yaya na'ura ke yin wannan juyi? Kowace alama tana da lambarta a tsarin Unicode. Mai tsara manhaja yakan tanadi jadawalin da ke haɗa kowace lamba da lafazinta, na'ura ta duba ta fitar da amsa.

Sai dai jadawalin kaɗai bai wadatar ba, domin wasu alamomin suna da lafazi fiye da ɗaya. Alamar 重 ana karanta ta zhòng idan nauyi ake nufi, amma chóng ce a sunan birnin Chongqing. Manhajar da ke bin alamomi ɗai-ɗai tana iya rubuta Zhongqing a kan taswira, ta ɓatar da matafiyi.

Saboda haka wajibi ne manhaja ta fara rarraba jimla zuwa kalmomi, tun da Sinawa ba sa barin fili tsakaninsu, sannan ta nemi lafazin cikakkiyar kalma a ƙamus. Haka mai karatun Hausa yake yi: sai ya dubi jimla kafin ya bambance kukan jariri da kukar miya.