Magen Da Ke Gadin Rumbunmu Tana Da Haƙƙi A Kanmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Idan kaka ta yi a yankin Funtua da Malumfashi, aka cika rumbuna da ɗakunan ajiya da masara da dawa da waken suya, tun daga Bakori har Ƙafur, daga Danja har Dandume, akwai mai gadin da ke kwana a bakin wannan dukiya ba tare da an yanka mata lada ba, wato mage. Ɓarnar ɓera kuwa ba ta tsaya ga cin hatsi da huda buhu ba. Fitsarinsa da kashinsa a cikin abinci su ne babbar hanyar kamuwa da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa kiwon mage cikin matakan kare gida daga wannan cuta.

Sai dai sakayyar da muke yi mata abar kunya ce. Ranar da ta haihu, sai a tattara 'ya'yan a kwali ko a buhu, a ba yaro ya kai su bola ko bakin kududdufi. Jaririn mage ba ya buɗe ido sai ya yi mako guda ko fiye, ba ya kuma iya ɗumama jikinsa da kansa, don haka daren hunturu ɗaya ya isa ya kashe shi. Wata kuma jifa za ta sha don baƙa ce, ko don ta yi kuka da dare an ce mayya ce, alhali galibi kukan neman barbara ne.

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda mage: ta tsare ta har ta mutu, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. A nan shari'a ta ba mu zaɓi biyu, ko mu ciyar ko mu saki. Amma saki yana amfanar wadda ta iya farauta ne. Wanda ya raba jarirai da uwarsu ya jefar, ya toshe musu ƙofofin biyu gaba ɗaya.

A Muwaɗɗa kuma, Imamu Malik ya kawo cewa Abu Ƙatada (RA) ya karkata wa mage ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha ta ƙoshi, sannan ya shaida wa surukarsa Kabsha cewa Manzon Allah (SAW) ya bayyana mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu. Abu Huraira (RA) kuwa, wanda ya fi kowa ruwaito hadisi, wata 'yar kyanwa da yake ɗauka ce ta ba shi wannan alkunya.

Magabata sun mayar da wannan koyarwa aiki. Sarkin Masar Zahir Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin lambu don ciyar da magunan Alƙahira marasa gida. A zamaninmu, lokacin yaƙin Siriya, Muhammad Ala'a al-Jalil, direban motar ɗaukar marasa lafiya a Halab, ya riƙa tattara magunan da masu gudun hijira suka bari. Da bam ya rusa matsugunin a 2016, sai ya sake kafa wani a wajen gari. Da yawanmu kuma mun ga bidiyon limamin nan na Aljeriya, Walid Mehsas, da mage ta hau kafaɗarsa yana tarawihi a azumin 2023, bai yanke karatu ba, bai kuma ture ta ba.

Wani zai ce, mutane na fama da yunwa da rashin tsaro, ana zancen mage? Haƙƙin ɗan Adam shi ne gaba, babu jayayya. Amma abin da mage take nema ragowar tuwo ne da kan kifi da ruwa a fasasshen kasko. Kuma Annabi (SAW) ya tabbatar da lada a kyautata wa duk mai rai, lokacin da ya ba da labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare.

Aikin sa-kai a nan ba ya buƙatar gini ko katanga. Ɗaliban Islamiyya da matasan masallaci za su iya ɗaukar nauyinsa unguwa-unguwa. A bar jarirai da uwarsu har mako 8, sannan a nema musu gidaje wurin masu rumbu da masu shago da 'yan kasuwar hatsi. Waɗanda aka tsinta a yashe a fara ɗumama su da tsumma kafin a ba su komai, a riƙa shayar da su kaɗan-kaɗan duk bayan awa 2 zuwa 3. Madarar shanu tana sa su zawo, don haka a tambayi ma'aikacin dabbobi abin da ya dace, ko a nemi wata mage mai shayarwa. A yi musu rigakafin ciwon haukan kare, kuma wanda mage ta ciza ya wanke wurin da sabulu ya garzaya asibiti. Mai zuba maganin ɓera ya sani cewa magen da ta ci mushen ɓeran ita ma tana iya mutuwa. Idan haihuwa ta yi yawa, malamai da dama na wannan zamani sun halatta a tsayar da ita ta hannun likita, kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ba shi da nisa da mu.

Muzurun da ya addabi 'yan tsaki an yarda a kawar da cutarsa, a kyautata akurki ko a kai shi inda babu kaji, amma babu izinin ƙona shi ko ɗaure shi har ya mutu.

Iyaye su fara da yaransu, domin yaron da aka aika ya jefar da kwalin nan darasi yake ɗauka, kuma ranar da ya girma ba a kan mage kaɗai zai yi aiki da shi ba.

Allah Ya sanya mu cikin masu jinƙai, Ya jiƙan mu da rahamarSa.