Faɗan Fada da Ɗan Gurguzu

A gefen titin Ahmadu Bello na tsinci littafin, wurin wani mai baza tsofaffin littattafai a kan leda. Bangon ya yage, gara ta ci gefe guda, sai zanen wani ƙaton fada cikin baƙar riga ya naɗe hannu kamar ɗan dambe. Mai littattafan ya ce in ba da abin da ya sawwaƙa, don ya shekara a wurinsa ba wanda ya taya.

Labaran Don Camillo ne, na wani ɗan jaridar Italiya mai suna Giovannino Guareschi. Ya fara buga su a mujallar barkwanci ta Candido a ƙarshen 1946, littafin farko ya fito a 1948. Lokacin Italiya ta rabu gida biyu. Ga cocin Katolika da jam'iyyar da take mara wa baya, ga jam'iyyar kwaminis da ta fi kowace girma a yammacin Turai. A zaɓen Afrilun 1948 aka kayar da 'yan kwaminis, a 1949 kuma fadar Fafaroma ta fitar da hukuncin korar duk Katolikan da ya rungumi aƙidarsu. Ana cikin wannan zafin kai Guareschi ya ɗauko mutum biyu ya ajiye a ƙauye ɗaya a bakin kogin Po: Don Camillo, fadan garin, da Peppone, bakanike kuma magajin gari, jagoran masu jar tuta.

Labarin da ya fi ba ni dariya na suna ne. An kawo jaririn Peppone coci a yi masa baftisma, aka ce Lenin za a raɗa masa. Fada ya ce allambaram. Uban ya zo da kansa, aka rufe ƙofa, aka ba hammata iska. Da ƙura ta lafa sai aka sasanta: yaro ya tashi da sunan Camillo da na Lenin duka biyu. Ka lura, mutumin da jam'iyyarsa ke cewa addini yaudara ce, shi ne ya ƙi barin ɗansa ba baftisma. Fadan kuma kullum yana shan faɗa daga siffar Yesu da ke kan gicciye a cocinsa, wadda ke hana shi wuce gona da iri. Marubucin ya bayyana cewa muryar zuciyarsa ce ya sa a wurin.

Guareschi ba ɗan ba-ruwanmu ba ne. Ya tsani kwaminisanci, bai ɓoye ba. Amma bai yarda ya mai da Peppone dodo ba, kuma ɗaurin kwana 409 da ya sha daga 1954 ba 'yan kwaminis suka jawo masa ba, ƙarar ɓata suna ce ta Alcide De Gasperi, jagoran ɓangaren da ya taya yaƙin zaɓe. Daga 1952 aka fara mai da labaran fim a garin Brescello, inda yau mutum-mutumin fadan da na magajin garin ke tsaye a dandali ɗaya.

Ina karantawa, zauren Lugard na majalisar dokokin Kaduna nake gani. A ranar 1 ga Oktoban 1979 Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya hau kujerar gwamnan tsohuwar jihar Kaduna, mutumin da bai taɓa jin kunyar kiran kansa ɗan gurguzu ba. Ya soke haraji da jangali. Majalisa kuwa tana hannun jam'iyyar NPN, ta ƙi amince masa da kwamishinoni, har ta tsige shi ranar 23 ga Yunin 1981, gwamna na farko da aka yi wa haka a Najeriya. A nan ba da cocin Katolika aka kara ba. Tun zamanin NEPU, magabaciyar PRP, wadda aka kafa a Kano a 1950, tuhumar da ake yi wa 'ya'yanta, 'yan sawaba, ita ce rashin ɗa'a ga shugabanni, wasu har su kai ga ƙafirta su. Alhali jagoransu Malam Aminu Kano tafsiri yake yi da azumi. Ɗan gurguzunmu a sahun gaba yake salla, wanda ke zaginsa a majalisa shi ne zai fara zuwa masa barka in an yi haihuwa. Ko da PRP ta dare biyu, sunayen da aka laƙaba wa ɓangarorin, Santsi da Taɓo, kansu abin dariya ne.

Kayan labari dai ga su jibge, masu iya ba da dariya ma ba mu rasa ba. A garin nan na Kaduna ne Usman Baba Pategi ya yi shekaru yana wasa da kakin soja a Samanja, sojoji na kan mulki suna kallo suna darawa. Amma malami da ɗan siyasa, ko liman da fada, mun bar su ba mai taɓawa, kuma ni ban ga laifin marubutanmu sosai ba. Irin wannan wasa na taubasai ne. Bakano na tsokanar Bazazzagi, Bafulatani na tsokanar Babarbare, saboda kowa ya san inda tsokanar za ta tsaya. Don Camillo na iya naushin Peppone ne domin in kogi ya yi ambaliya tare za su kwashe kayan mutane.

Namu kogin, kogin Kaduna, aikin da ya yi daban. Bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, iyalai da yawa suka kwashe kaya, Kiristoci suka gangara Sabon Tasha da Barnawa da Narayi, Musulmi suka tattaru a Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Babban cocin Katolika na St. Joseph yana nan tsallaken da Musulmi suka tattaru, amma da yawa daga masu cika shi ran Lahadi gada suke hayowa, a tashi su koma. Yaron da aka haifa a Unguwar Sarki bayan 2002 zai iya gama sakandare bai taɓa zama benci ɗaya da wani fada a teburin mai shayi ba, balle ya san me zai ba shi dariya.

Na koma wurin mai littattafan bayan mako biyu, na tambaye shi ko akwai ci gaban labarin. Ya tona buhunsa har ƙasa, ya miƙo mini tsohon littafin lissafi na aji uku.